Amsa ga Alhajin da zai sayi DAF: abin da ya kamata mai babbar mota ya sani

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri. Yadda na fahimci tambayarka, kai da ƙaninka kun haɗa kuɗi za ku sayi DAF ta hannu, ta riƙa kwasar muku hatsi da riɗi daga Gujungu da Maigatari zuwa Dawanau, wani lokacin har Kudu, kuma baka taɓa riƙe babbar mota ba, shine kake son sanin me doka ta ce kuma me zaka kula dashi dan kar a wayi gari ace motarka ta hau kan mutane. Toh na daɗe a harkar nan, nayi karen mota, nayi tuƙi, yanzu kuma motocin mutane nake kula dasu a gareji, zan faɗa maka yadda abin yake ko da wani wajen bazai maka daɗi ba.

Maganar takardu bata da tsawo. Direban tirela lasin ɗinsa aji G ne, ba irin na ƙaramar mota ba, ka karɓa ka duba da idonka. Sai takardar lafiyar mota daga VIO, jami'an duba lafiyar motoci, da inshora, ita kuma inshorar ka sa a duba maka ita a intanet da lambar motar dan jabu sun yi yawa, ranar da abu ya faru ne mutum ke gane takardar banza ya biya wa kuɗi. Hukumar kiyaye haɗurra FRSC, wadda aka kafa a 1988, tun watan Fabrairu 2017 ta fara tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu. A littafin dokokin hanya, tirela da tanka kilomita 45 ne a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a hanyar da aka raba biyu. Nasan duk direban da ya karanta wannan sai yayi dariya, amma dai haka aka rubuta. In Allah ya buɗa motocinku suka kai 5, akwai tsarin da FRSC ta kawo a 2007 da zaku yi rajista a ƙarƙashinsa, da ma'aikaci na musamman mai kula da tsaron motocin. A cikin Kano kuma zaka haɗu da 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar. Shikenan.

Amma Alhaji wallahi takarda bata tsayar da mota. Yawancin haɗarin babbar mota a gidan mai motar ake shirya shi tun kafin a tada inji, sai dai direba ne ke kan sitiyari ranar da abin ya fashe, sai ace tsautsayi. Kai ne zaka yanke buhu nawa za a ɗora, kai ne zaka ce a gyara birki yanzu ko a bari sai an dawo, kai ne zaka tsara yadda ake biyan direba, kuma waɗannan ukun su ke kashe mutane.

Bari in tsaya a kan birki dan nan ne mutane suka fi rashin sani. Birkin babbar mota da iska yake aiki. Akwai kwamfireso a jikin inji yana tara iska a tankuna, in direba ya taka sai iskar ta tura lainin, wato takalmin birki, ya matse durom, gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya. A tayoyin baya kuma akwai wani ƙaton sifirin a cikin tukunyar birki wanda iska ce ke danne shi, ranar da iskar ta ƙare sifirin ɗin zai saki ya kama tayar da kansa. Kaga kenan motar da birkinta yake daidai, in iska ta zube mata tsayawa take cak, ba gudu ba. Toh me yasa kullum muke jin wai birki ya tsinke?

Ga abin da ke faruwa. Mota ta sami matsalar iska a hanya tayoyi sun kama, sai a kira bakanike ya zo ya ɗaure sifirin ɗin da noti dan motar ta motsa, wannan dabarar dan a ja mota zuwa gareji aka yi ta, amma sai a ci gaba da tafiya a haka wata da watanni babu wanda ya kwance. Ko tukunya ɗaya tana zubar da iska, maimakon a sayi sabuwa sai a lanƙwashe tiyon a ɗaure da waya, wannan tayar ta fita daga lissafi kenan, gobe wata ma haka, har ka samu tirela mai tayoyi sama da goma amma kan motar kaɗai ke riƙe birki, bodin da ke ɗauke da duk nauyin binsa kawai yake yana turo shi. Sannan lainin yana cinyewa, in ba a yi ajastin ba direba zai taka har ƙasa amma kamun kaɗan ne. Toh ɗan birkin da ya rage shi zai ɗauki aikin duka, ya ɗau zafi, durom in yayi zafi buɗewa yake lainin kuma ya daina kamawa, a nan ne direba zai taka yaji babu komai. Kaga ba a ranar birkin ya tsinke ba, a hankali aka riƙa cire shi.

Kai da kanka zaka iya dubawa ba sai ka iya tuƙi ba. Da safe kafin mota ta fita ka tsaya a gefe, a tada inji iska ta cika, a sa waji, wato abin tokare taya, a saki birkin hannu, a kashe injin, direba ya taka birki ya riƙe minti ɗaya kana kallon allurar gejin iska. In ka ga tana sauka a fili, ko kana jin tsss a ƙarƙashin mota, motar nan bata fita. Sai ka sa yaron mota ya shiga ya ja zoben da ke ƙasan tankin iska, zaka ga ruwa ya feso, in ya fito da baƙin mai mai kauri toh kwamfireso ya fara gajiya. Kullum ake wannan ba sai an tuna ba, musamman da damina. Wata dabarar kuma, bayan motar tayi tafiya da kaya ta tsaya, ka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ka kai bayan hannunka kusa da durom, kar ka taɓa. Wanda kaji shi sanyi ƙalau toh baya aiki, wanda kuma ke ƙauri yana hayaƙi shi ke ɗauke da aikin 'yan'uwansa ko kuma ya maƙale.

Mu a nan ƙasarmu shimfiɗe take, daga Haɗejia har Kano babu wani hawa na a zo a gani, shi yasa mota zata yi shekara da rabin birki ba a gane ba. Ranar da aka ce ta bi ta gangaren Hawan Kibo a jihar Filato da cikakken lodi, ranar ake ganewa. Ƙa'idar gangara ita ce tun daga sama zaka sa ƙaramar giya, wadda zaka hau da ita ko ƙasa da ita, ka kunna birkin inji, birkin ƙafa kuma ka taka ka sassauta gudu ka saki ya huce. Ba a yi masa famfo, duk takawa da saki iska kake zubarwa. Kuma ba a sa mota a firi, wato a cire giya a bar ta tana gangara.

Wannan maganar firi ita zata kai mu ga aljihunka. Me ke sa direba mai iyali ya cire giya a gangara da tan 40 a bayansa? Saboda mai mota ya yanka masa gas, yace ga lita kaza zuwa Legas, in ya rage naka in bai kai ba kai ka sani. Toh dole yayi ta neman inda zai tsimi gas, alhali ma in mota tana gangara a cikin giya ƙafa bata kan totur kusan babu abin da injin ke sha, wahalar banza ce da kasada. Haka in kace albashinsa sai yawan sawun da yayi, ka sayi baccinsa kenan. In kuma kuɗin gyaran hanya daga aljihunsa zai fita, ko sai yayi ta kiranka kana faɗa kana cewa cutarka yake, toh waya zai samu ya ɗaure tiyo yayi shiru. Ni shawarata ka yanka masa albashi na wata wanda zai riƙe gidansa, kuɗin abinci da na hanya daban, gas a lissafa da gaskiya, sannan ka gaya masa a gaban yaran motarsa cewa duk ranar da yace mota bata da lafiya ko shi ya gaji, bazaka ga laifinsa ba in ya kwana a hanya. Kuma ka cika maganar, kar mai kaya ya matsa maka a waya kai kuma ka juya ka matsa masa. Nasan zaka ce ai wasu direbobin zasu cuce ka ta nan, gaskiya ne akwai su, amma gas ɗin da za a sace maka a shekara bai kai kuɗin kan mota ɗaya da ya murƙushe ba, balle rai. Ka tambayi malamai ma hukuncin kisan kuskure, da diyya da azumin wata biyu a jere, da kuma matsayin wanda ya san motarsa bata da birki ya tura ta hanya.

Bacci kuwa ɓarawo ne. A ƙasashen Turai doka ce direban babbar mota kar ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, kuma duk awa 4 da rabi sai ya huta minti 45, akwai na'ura a motar tana rubutawa. A Amurka awa 11 ne bayan hutun awa 10. Mu a nan mutum zai wuni a Maigatari ranar Alhamis yana jiran lodi cikin rana, a gama da magariba, ya kama hanya, babu wanda ya lissafa wunin nan a matsayin aiki. Mota mai gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, gyangyaɗin daƙiƙa 3 ya wuce mita 60 babu kowa a kan sitiyari. Mafi muni daga ƙarfe biyun dare zuwa asuba. Goro da shayi da wanke fuska duk na ɗan lokaci ne, tiramol kuwa ya fi komai sharri dan baya cire gajiyar, sai dai ya hana mutum jin ta, ido a buɗe amma lissafi ya tafi, wani ma farfaɗiya take kama shi. In ka ga direbanka yana iya Kano zuwa Legas ya juyo ba kwana, kar kayi murna kace ka samu jarumi, ka bincika.

Sai lodi. Buhun hatsi mai kilo 100 guda 300 shine tan 30, a da shi ake kira lodin tirela. Yanzu 400 ake ɗorawa har da ɗoriya, dan kuɗin gas da na shingayen hanya ya sa kowa na son ya fanshe a sawu ɗaya. Ƙa'idar ECOWAS tan 11.5 ne a kan gatari ɗaya mai jan mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. Gwajin da aka yi a Amurka tun wajen 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan gatari sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16, dan haka ramukan da muke zagin gwamnati a kansu muna da namu kason. Ga motar kanta, birkin da aka ƙera dan tan 30 shi zaka ce ya tsayar da 45. Gudu ma haka, daga 60 zuwa 80 nisan da mota zata ci kafin ta tsaya kusan ninkuwa yake, ba ɗan ƙari bane.

Tsayin kaya ma abin kula ne, musamman in za ku ɗauki zoɓo. Zoɓo bashi da nauyi sai cika ido, sai ayi ta jibga shi sama har motar ta koma kamar rumbu a kan taya, ga hanyoyinmu sirara, bakin kwalta ya zaizaye ga yashi a gefe. Da tayar dama ta sauka ƙasa, in direba ya fizgo sitiyari da ƙarfi dan ya dawo, kwanciya zata yi. Abin da ake yi shine ka ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe ta a miƙe har gudu ya mutu sannan ka hau a hankali. Kaya masu nauyi a ƙasa, a raba su daidai gaba da baya, a ɗaure, bayan an ɗan yi tafiya a tsaya a sake jan igiya dan buhu yana zama.

Mutane a saman kaya kuma, dan Allah Alhaji ka hana tun ranar farko. Kuɗin ba aljihunka yake zuwa ba, na direba da 'yan kamasho ne, amma in motar ta faɗi da mutum talatin a kan buhuna ko a saman shanu, sunanka za a nema. Irin wannan haɗarin ne kake jin mutum ashirin, talatin sun tafi lokaci ɗaya, yawanci yaranmu ne masu tafiya ci-rani.

Taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, misali 2322 sati na 23 kenan a 2022. FRSC shekara 4 take lissafa wa taya daga ranar da aka ƙera ta. Tayar gwanjo zaka ganta da zane mai kyau amma robar ta bushe, ta shiga zafin watan Afrilu da obalodi, sai dai kaji ƙara. In kuɗi bai kai ka saka sababbi duka ba toh na gaba biyun nan babu ciniki a kansu, sababbi, dan in ta baya ta fashe akwai 'yar'uwarta a gefe, ta gaba in ta tafi sitiyarin ya tafi. Ƙwanƙwasa taya da ƙarfe da yaran mota ke yi yana nuna wadda ta sace gaba ɗaya ne kawai, ka saya musu geji. Rashin isasshiyar iska shi ya fi fasa taya. A duba notocin taya kuma, in ka ga tsatsa ta zubo daga jikin noti ya kwance.

In mota ta lalace a hanya da daddare, ganyen da ake karyowa a zuba a kwalta babu mai ganinsa sai ya iso, balle lokacin hazo. A fitar da ita daga kan titi in da hali, a sa waji, a kai alamar nan mai kusurwa uku can nesa ta baya da ta gaba, ba a gindin mota ba, fitilun gargaɗi su yi ta wuta. Ka manna tef mai ƙyalli a bayan bodi da gefensa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ka sa a riƙa goge shi. Motocin haya nawa ne suka shige ƙarƙashin tirelar da ke tsaye babu fitila ko ɗaya. Abin kashe gobara ya zama mai aiki, ba fankon da ake nuna wa jami'ai ba. Kuma direba ya leƙa ƙarƙashin mota kafin ya tayar, yaran mota da almajirai suna kwanciya a inuwarta.

A cikin garuruwanmu ranar kasuwa kuwa, irin Gujungu ko Wudil, ga masu shanya a bakin titi ga amalanke ga yara, ko 45 ɗin ma yayi yawa. Direban tirela baya ganin abin da ke gefen damansa sosai, baya ganin wanda ke dab da hancin motar, in zai sha kwanar dama kuma sai ya buɗe ta hagu tukuna, ɗan acaɓa yaga fili ya kutsa, tayoyin baya su kuma yanke kwana suke su taka shi. Madubi ya zama cikakke, yaron mota kuma idonsa a wannan gefen, aikinsa kenan ba bacci ba.

Ba tanka zaka saya ba amma tunda kai mai faɗa a ji ne a garinku sai in faɗa. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura daren 15 ga Oktoba 2024, tankar fetur ta faɗi mutane suka fito ɗiba, sama da mutum 150 suka rasu, wata uku bayan nan irinsa ya sake faruwa a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Bayan haka ne gwamnati ta hana tankar lita 60,000 ɗaukar mai daga 1 ga Maris 2025, dan man cikinta kaɗai ya haura tan 40. Abin da mutane basu gane ba, tururin fetur ne ke kamawa, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana shiga kwata ya tafi nesa, bokitin ƙarfe ya gogi kwalta ko wani ya tada mashin, shikenan. In tanka ta faɗi a yi nesa sosai, ta ɓangaren da iska ke tahowa, a tare hanya daga nesa, a kashe duk wata wuta, a kira FRSC a 122. Wannan a masallaci ya kamata a riƙa faɗarsa.

Wajen ɗaukar direba kar ka tsaya a kan cewa ɗan wane ne ko yana sallah a sahun gaba, duk suna da kyau amma ka gwada shi. Ka kai shi gaban motar kace ku tafi, kayi shiru ka ga me zai yi. In ya haye ya murza makulli kawai, ka nemi wani. Wanda kake so shine zai zagaya motar, ya duba baƙin mai da ruwa, ya leƙa inda kai ya haɗu da bodi ya tabbatar ya kulle, ya taɓa tiyoyin iska, ya jira geji ya cika kafin ya motsa, wataƙila ma ya ɓata maka rai da jerin abubuwan da yake so a gyara. Ka tambayi inda ya bari da dalilin barinsa a tashar da yake lodi, 'yan ƙungiya sun san kowa. Motar kuma kafin ka biya kuɗinta, ka je da bakaniken da ba na mai sayarwa ba, a cire tayoyin baya a ga lainin da durom, a ƙirga tukwanen birkin da ke aiki ɗaya bayan ɗaya, kuɗin gyaran a cire shi daga farashi, kuma a gama gyaran kafin buhun farko ya hau.